Yadda Za a Sa Saman Abinci Ya Gasu a Maikirowef

Cinyar kaza takan nuna har ƙashi a maikirowef cikin 'yan mintuna, amma fatarta ta fito fari fat, tana naso, babu ƙamshin gashi ko kaɗan. Soyayyen dankalin da aka ɗumama ya koma laƙwas. Burodi ya fito da laushi da laima, kafin a ci rabinsa ya yi tauri yana jan haƙori. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka yanke wa na'urar hukuncin cewa ɗumame kawai ta iya. A ganina an yi gaggawa. Ana iya samun saman da ya bushe, ya yi ja, ya yi garas-garas, matuƙar an gane abin da ke hana shi tun farko, aka kuma bi aikin daki-daki.

Abin da ke hana saman gasuwa

A cikin kowace maikirowef akwai wani bututu da ake kira magnetron, mai fitar da igiyoyin lantarki da ke kai-komo sau biliyan 2 da miliyan 450 a kowace daƙiƙa. Ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci suna ta jujjuyawa don su bi wannan kai-komon, jujjuyawar ce kuma ke zama zafi. Igiyoyin ba sa tsayawa a fata. Sukan kutsa kimanin santimita 1 zuwa 2 cikin abinci mai ruwa kafin ƙarfinsu ya ragu sosai. Don haka maganar da ake yawan yi cewa daga tsakiya na'urar ke fara dafa abu ba ta inganta ba. A babban yankin nama, zagayen waje ne ke ɗaukar zafi, shi kuma ya riƙa miƙa wa tsakiya a hankali.

To, in haka ne, me ya bar fata a baya? Da farko, iskar da ke cikin akwatin ba ta yin zafi, domin igiyoyin ba su da abin kamawa a jikinta. A oben iska mai digiri 200 ce ke lulluɓe abinci tana ba fatarsa zafi, a nan kuwa fatar ce ke ba iska nata. Sannan duk ɗigon da ya tashi daga fata ya zama tururi da zafi yake tafiya, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Bugu da ƙari, zafin da ya taru a ƙarƙashin fata yana turo ruwa da tururi waje, su iso saman da ya fi sanyi su kwanta. Fatar ba ta samun sararin bushewa.

Ruwa kuma yana da iyakarsa, digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Muddin akwai laima a saman abinci, zafin wurin ba zai wuce nan ba ko an ƙara minti goma, sai dai cikin ya bushe ya yi tauri. Jan launi da ƙamshin gashi kuwa suna fitowa ne daga wata haɗuwa tsakanin sukari da sinadaran gina jiki, wadda masanin sinadarai ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, ba ta kuma kankama da sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140. Sukari zalla sai wajen digiri 160 yake fara yin ja. Tazarar da ke tsakanin 100 da 140 ita ce duk matsalar. Ko dai a kawar da ruwan da ke riƙe fatar a ƙasa, ko a kawo wani abu mai zafin gaske ya taɓa ta ko ya haska ta. Aiki ya fi kyau idan an haɗa biyun.

Mataki na farko: a san na'urar da ake da ita

A buɗe ƙofa a leƙa rufin akwatin daga ciki. Idan akwai lanƙwasasshiyar sandar ƙarfe, ko bututun gilashi a bayan wata raga, na'urar tana da giril, wato abin da ke yin ja ya gasa abinci da zafi daga sama. Idan akwai maɓallin zaɓar zafi da digiri, kamar 180 ko 200, tana da fankar da ke hura iska mai zafi irin ta oben. Kar ƙarar fanka ta ruɗi mutum, kowace maikirowef tana da fankar sanyaya magnetron, wadda ba ta gasa komai. Idan babu ko ɗaya daga cikin biyun, zallar maikirowef ce, ita ce kuma ta fi buƙatar dabara.

A duba ƙarfinta a takardar da ke manne a baya ko a gefen ƙofa. Lamba biyu ake rubutawa, wutar da take sha da ƙarfin da take bayarwa, ƙaramar ita ce abin nema. Na'urorin gida yawanci tsakanin wat 700 ne da 1,200. Mintunan da zan ambata na mai wat 800 zuwa 900 ne, don haka mai ƙarfi ya rage, mai rauni ya ƙara.

Mataki na biyu: a busar da abincin tun yana waje

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne biya. Ruwan da aka goge da hannu cikin daƙiƙa goma, na'urar za ta ɓata mintuna tana ƙoƙarin mai da shi tururi, tururin kuma ya zauna cikin akwatin ya sake sauka kan abincin.

Idan abin daga firiza ya fito, a bar shi ya narke sarai. Ƙanƙara ba ta shan igiyoyin kamar ruwa, domin ƙwayoyinta a ɗaure suke, ba su da damar juyawa. Wurin da ya riga narkewa sai ya kwashe ƙarfin ya dahu, maƙwabcinsa yana nan da sanyinsa yana zubar da ruwa. Ba a samun gasasshen sama a haka. Banda abincin kamfani da aka rubuta a kwalinsa cewa a daskare za a saka shi, wannan a bi umarnin kwalin.

A sa tishu na kicin a danne nama ko kifi ta kowane gefe, har sai tishun ya daina jiƙa. Kaza mai fata, in da hali, a ɗora ta a faranti ba murfi a can ƙasan firij, inda ba za ta ɗiga kan wani abinci ba, ta yi sa'o'i ko ta kwana. Iskar firij busasshiya ce, za a ga fatar ta ɗame ta ɗan yi sheƙi. Dankalin da aka yanka a ɗauraye shi don sitacin da ke samansa ya fita, sannan a shanya a kan tsumma mai tsabta a goge.

Gishiri na buƙatar lura. Yana jawo ruwa daga cikin nama zuwa sama, ruwan gishiri kuma yana shan igiyoyin sosai, har ya rage musu zurfin shiga. Ƙwayoyin gishirin da aka barbaɗa dab da sakawa sukan bar tabo-tabo masu tauri a kan nama, ga kuma ruwa kwance. Ko dai a sa shi da wuri, aƙalla minti 40 kafin girki, a goge abin da ya fito, ko a bari sai an sauke.

Yanka ma yana da hannu a ciki. Abu mai faɗi mara kauri ya fi dunƙulalle saurin rabuwa da ruwansa. Kusurwa da tsini sukan sha igiyoyi ta gefe da yawa, su ƙone kafin sauran ya nuna, saboda haka a daidaita girman yanka. A jera su zobe a faranti, kauri yana kallon waje, siriri yana kallon ciki, tsakiyar a bar ta wayam.

Mataki na uku: a buɗe wa tururi hanya

A nan akwai abu biyu masu cin karo. Murfi yana sa abinci ya nuna bai ɗaya, tururin da ya tara yana kuma taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta. Amma murfin nan ne babban mai hana sama bushewa. Mafita ita ce a raba girkin biyu: ɗanyen nama mai kauri a fara shi a rufe har ya kusa nuna, sannan a cire murfin, a tsiyaye romon da ya taru, a sake goge saman da tishu, a ci gaba a buɗe. Abin da ya riga ya nuna kuma ake son dawo masa da garas-garas, kar a rufe shi sam.

Ƙasan abinci shi ne ya fi wahala, domin yana zaune cikin ruwan kansa. A ɗaga shi. Akwai faranti masu tudu-tudu da kwari da aka yi don maikirowef, ruwa da kitse su gangara kwarin, abincin ya zauna a kan tudun. In babu, farin tishu mara zane ninki biyu a ƙarƙashin burodi ko yankin fiza yana tsotse laima. Jarida da jakar takarda ta sayayya ba sa cikin wannan lissafi: akwai tawada da gam a jikinsu, suna kuma iya kamawa da wuta.

Kar a cika faranti. Ƙarfin na'urar rabuwa yake tsakanin duk abin da ke ciki, tururin kuma ninkuwa yake. Zagaye biyu na ɗan kaɗan sun fi zagaye ɗaya na tuli. Duk lokacin da aka tsaya don juya abincin, a bar ƙofa a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 15 tururi ya fice, in bango ya jiƙe a goge.

Wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba: igiyoyin suna karo da bango suna dawowa, sai su haifar da wurare masu zafi da masu sanyi, tazarar kimanin santimita 6 tsakanin wuri mai zafi da na gaba. Farantin gilashin da ke juyawa don wannan aka yi shi. Abin da aka ajiye a tsakiyarsa cif a wuri ɗaya yake juyi, wanda aka matsar gefe kuwa yana ratsa wurare daban-daban.

Mataki na huɗu: mai, da abin da ake shafawa

Mai ba ya shan igiyoyin kamar ruwa, amma ba ya tafasa a digiri 100, kuma kusan rabin ƙarfin da ruwa ke buƙata ya ishe shi ya yi zafi. Da zarar ruwan sama ya ƙare, siririn man da aka shafa yana iya haura 140. Shi ya sa abinci mai kitse da ƙarancin ruwa ke soyuwa a zallar maikirowef ba tare da wani kayan aiki ba. Shafawa ake yi da buroshi ko yatsa, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi cinya biyu.

Albasa ce ta fi nuna wannan a fili. A yanka ta siriri bai ɗaya, a zuba a kwanon gilashi mai jure zafi, a sa man da zai jiƙa ta ko'ina. A ba ta minti 3 zuwa 4 a cikakken ƙarfi, a juya. A wannan lokacin za a ga kamar ba abin da ke faruwa, ruwa ne ke fita. Daga nan a koma minti ɗaya-ɗaya ana juyawa, da ta fara sauya launi a koma daƙiƙa 20 zuwa 30. A sauke tun tana ruwan zuma mai haske, domin man zai ci gaba da soya ta bayan an fitar, a tsame a baza a kan tishu. Sai ta huce take yin garas. Tafarnuwa haka ake yi mata, amma ta fi saurin ƙonewa da ɗaci.

Gyaɗa da sauran 'ya'yan itace masu ɓawo a baza su shimfiɗa ɗaya, a riƙa ba su minti ɗaya ana motsawa. Su daga ciki sukan fara yin ja, don haka a fasa ɗaya a duba, kar a jira launin waje. Dankalin da aka yanka fale-fale, kaurin kimanin milimita 2, aka goge, aka shafa mai, aka jera a kan takardar gashin kek ba tare da wani ya hau wani ba, yakan ɗauki minti 3 a cikakken ƙarfi, a juya, sannan a ƙarasa da minti ɗaya-ɗaya a rabin ƙarfi. Gurzajjen cuku mai tauri ma yakan narke a kan takardar, ya yi kumfa, ya bushe ya zama ɓawo.

Iyakar mai ke nan, shafi da jiƙawa. Ba a cika kwano da mai a yi suya mai zurfi a maikirowef. Babu hanyar sanin zafinsa, yana iya tsallake iyaka ba alama, ya fasa kwano ko ya kama da wuta. Kuma duk inda mai ko sukari za su yi zafi, gilashi ko tangaran ake sawa. Roba, ko da an rubuta ta dace da maikirowef, an yi ta ne don zafin ruwa, kitse mai zafi yana narkar da ita.

Ana iya taimaka wa launi da abin da ake gaurayawa a man. Zuma tana ɗauke da irin sukarin da ke saurin shiga haɗuwar Maillard. Garin madara yana da sukari da sinadarin gina jiki a tare, barbaɗe kaɗan a kan fatar kaza yana kawo ja da wuri. Bekin soda yana rage tsamin saman abinci, wanda ke hanzarta haɗuwar, amma ɗan tsunkule ake sawa, ƙasa da kwatan ƙaramin cokali ga rabin kilo, in ya wuce haka ɗanɗanon sabulu zai fito, albasa kuma ta narke. Garin jan tattasai da miyar waken soya suna ba da launi mai kyau, sai dai fenti ne kawai, ido zai gamsu amma haƙori ba zai ji ɓawo ba. Mai son ɓawo a kan kifi ko kaza ya fara soya garin busasshen burodi da ɗan mai shi kaɗai har ya yi ja, sannan ya barbaɗa a mintin ƙarshe.

Mataki na biyar: a kawo abu mai zafi ya taɓa fatar

Tun bayan da Percy Spencer na kamfanin Raytheon a Amurka ya gano a 1945 cewa igiyoyin rada, wato na'urar hango jirage daga nesa, na dafa abinci, da kuma fitowar ƙaramar na'urar kan tebur ta kamfanin Amana a 1967, masu ƙira suke neman maganin naman da ke fitowa fari bai gasu ba. Abin da suka dace da shi mai sauƙi ne: a sa wani abu a cikin akwatin wanda zai sha igiyoyin fiye da abincin, ya yi zafi sosai, ya zama kasko.

Mafi yaɗuwa shi ne kwali mai ruwan toka da ke zuwa da fiza ko fanke mai nama na kamfani, da faifan da ke cikin jakar gugguru. Masu sana'ar suna kiransa sasefta. Shimfiɗa ce ta alminiyam, siririya ƙwarai, da aka fesa a kan leda mai jure zafi aka manna a kwali. Saboda tsananin sirantarta ba ta mai da igiyoyi baya kamar ƙarfe mai kauri, shan su take ta yi zafi har wajen digiri 200. Sharaɗinta shi ne taɓawa. Gefen mai ruwan toka ya manne da abincin, duk inda aka samu rata ba zai gasu ba. Kar a sa tishu a tsakani, kar a rufe ƙofofin da aka huda don tururi. Ɗora kwalin a kan kifaffen faranti yana hana farantin gilashin na'urar sace masa zafi. Sau ɗaya ake amfani da shi: bayan zafin farko shimfiɗar alminiyam ɗin takan tsattsage, ƙarfinta ya ragu, kwalin kuma ya bushe ya kusa ƙonewa.

Na biyu shi ne farantin gashi da ake wankewa a sake amfani da shi. Akwai tsohon samfuri na tangaran mai shafin sinadarin kuza a gindi, irin wanda kamfanin Corning ya yi suna da shi. Akwai kuma na yanzu, farantin ƙarfe mai gindin roba da aka cakuɗa da garin ƙarfen maganaɗisu, irin wanda ke zuwa da wasu na'urorin kamfanin Whirlpool. Yadda ake aiki da su kusan ɗaya ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure.

A saka farantin shi kaɗai, babu abinci, a cikakken ƙarfi. Na ƙarfe yakan buƙaci minti 2 zuwa 3, na tangaran ya fi haka. A bi lambar da ke littafinsa, kar a wuce ta. Cikakken ƙarfi wajibi ne, domin a yawancin na'urori rabin ƙarfi na nufin magnetron yana kunnuwa yana mutuwa, farantin sai ya riƙa hucewa a tsakani. Abincin ya kasance a shirye, a goge, a shafe da mai, kafin ƙararrawa ta buga. A ɗora shi nan take, a danne da cokali mai faɗi na daƙiƙa kaɗan. Ya kamata a ji "cuuu". In ba a ji ba, farantin bai yi zafi ba, gara a sauke abincin a sake ɗumama shi. Yawancin gashin a minti na farko yake faruwa, domin da zarar abinci ya shiga, shi ma yana kwasar rabonsa na igiyoyin, farantin ya fara sanyi. Saboda haka a juya da wuri, a kuma juya shi kan wurin da ba a taɓa ba tukuna. Tsakanin zagaye da zagaye a goge ruwa da ɓurɓushi, a sake ɗumamawa kimanin rabin lokacin farko.

Farantin nan yana ƙona hannu da tebur. A ɗauke shi da safar kicin mai kauri, a ajiye a kan katako. Kuma wannan izinin na kunna na'ura ba abinci na farantin da aka ƙera don haka ne kawai. Farantin gida na yau da kullum ba ya shan igiyoyin, kunna na'ura da shi kaɗai yana mai da ƙarfin kan magnetron ya lalata shi.

Mataki na shida: giril da iska mai zafi

Mai na'urar da ke da giril ya huta da rabin wahala, in ya san jerin aikin. Igiyoyi su dafa ciki, giril ya gama waje. A ɗauki cinyar kaza biyu: minti 6 zuwa 8 a kashi 70 cikin 100 na ƙarfi, fata tana ƙasa a rabin farko. A tsiyaye romo, a goge fata, a shafa mai, a ɗora a kan doguwar ragar ƙarfen da ta zo da na'urar, fata tana kallon sama, a ajiye faranti a ƙasa don kitse. Sannan giril zalla na minti 5 zuwa 8, ana leƙawa. Zafin giril haske ne, abin da ya gani kawai yake gasawa, kuma yana raguwa sosai da nisa. Abincin da aka bari a ƙasan akwatin zai daɗe bai yi ja ba. Giril mai sandar ƙarfe yana son a kunna shi minti kaɗan kafin a saka abinci, mai bututun gilashi yana yin ja cikin daƙiƙoƙi.

Akwai maɓallin da ke haɗa biyun a lokaci guda. Yana da amfani ga abu mai kauri kamar kaza sukutum ko taliyar da aka lulluɓe da cuku, amma a zaɓi haɗin da ƙarfin igiyoyinsa ya yi ƙasa. In ya yi yawa, cikin zai nuna ya fara turo ruwa kafin saman ya kama. Ni na fi son a ware mintunan ƙarshe ga giril ko iska mai zafi zalla. Ita iskar, a bar ta ta kai digiri 200 kafin a saka abinci, ta fi dacewa da abin da ake son ya bushe ta ko'ina, kamar soyayyen dankali da kayan fulawa. Ragar ƙarfe kuma a yi amfani da ita a yanayin da littafin na'urar ya yarda kawai, kar ta taɓa bango.

Wanda ba shi da giril, ba shi da farantin gashi, kar ya raina kasko. Ya dafa a maikirowef har abin ya kusa nuna, ya goge, ya jefa a kasko mai zafi da ɗan mai, minti 1 zuwa 2 kowane gefe. Ga nama mai kauri da dankali dunƙule, wannan ya fi duk wani shafe-shafe ba da sakamako, lokacin girki kuma ya ragu sosai. Sharaɗi ɗaya: daga na'ura zuwa kasko kai tsaye. Naman da aka dafa rabi aka ajiye sai anjima wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne.

Mataki na bakwai: hutu da awo

Bayan ƙararrawa, zafi yana ci gaba da tafiya daga zagayen waje zuwa tsakiya. A ba ƙananan yanka minti 1 zuwa 2, manya minti 5 ko fiye. Abin da aka sha wahala aka busar da samansa a kan raga zai huta, a buɗe. In aka kife shi da kwano, ko aka bar shi a cikin akwatin ƙofa a rufe, tururinsa zai warware aikin gaba ɗaya.

Launi ba shaidar nuna ba ne, musamman da aka taimaka masa da zuma ko garin tattasai. A soka ma'aunin zafi a wuri mafi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ba, a kuma gwada wuri biyu ko uku saboda wuraren sanyin nan. Kaza da duk abincin da aka sake ɗumamawa su kai digiri 74. Dankali da burodi kuma a tsaya a ruwan zinare. Abinci mai sitaci da aka gasa har ya yi duhu yana tara wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda hukumomin lafiyar abinci ke ba da shawarar a rage cinsa.

In abin bai yi ba

Idan gefe ya ƙone tsakiya na nan fari, ƙarfin ya yi yawa ga kaurin abin, a rage shi zuwa rabi a tsawaita lokaci, a gyara jeri. Idan sama ya yi ja ƙasa ya jiƙe, ba a ɗaga abincin ba ko ba a tsiyaye romo ba. Burodin da ke tauri kuwa lokaci ne ya yi masa yawa: yanki ɗaya daƙiƙa 10 zuwa 15 sun ishe shi a zallar maikirowef, in ana son ɓawo sai giril ko kasko.

Da zarar abinci ya bushe, ba a barin wurin. Ruwan da ke riƙe zafi a digiri 100 ya tafi, daga ja zuwa hayaƙi daƙiƙoƙi ne. In wuta ta kama a ciki, a kashe na'urar, a zare filogi, a bar ƙofa a rufe har ta mutu don rashin iska.

Tartsatsi yawanci daga ƙarfe mai tsini yake, kamar cokali mai yatsu, faranti mai zanen zinare, ko takardar alminiyam da ta yamutse ko ta matso bango. Amma akwai wani sanadin da ya shafi masu gashi musamman. A bangon ciki, galibi ta dama, akwai wani ɗan faifai mai kama da kwali wanda igiyoyin ke shigowa ta bayansa. Kitsen da ya fantsama a kansa yakan ƙone ya zama gawayi, gawayin kuma yana shan igiyoyi ya yi tartsatsi har ya huda faifan. Bayan kowane gashi, idan na'urar ta huce, a goge shi da rufin da ke kusa da giril da tsumma mai ɗan laima. Faifan da ya riga ya yi baƙi ko ya huje a canza shi kafin a sake kunna na'urar.